Kundin aikin gareji: fakin murfin bawul na Corolla mai inji 1ZZ, Ringim

Litinin, 6 ga Janairu, 2025

Motar Toyota Corolla ce ƙirar 2004, shigowar Amurka ta Kwatano. Tana jigila tsakanin Ringim da Gujungu, wani lokaci ta kutsa ƙauyukan Taura ta hanyar burji. Ƙorafin direba uku ne: ƙaurin mai yana shigowa cikin mota idan an tsaya bayan doguwar tafiya, inji yana rawa da safe kamar fulogi ɗaya ya mutu, kuma baƙin mai yana sauka a sandar awon mai, duk ranar kasuwa sai an yi ciko.

Da aka ɗaga bonet, kan injin ya yi baƙi ƙirin, mai da ƙura sun haɗu sun zama kamar kwaɓin laka. A irin wannan hali ba a gane inda yoyon ya faro, domin mai yana gangarowa daga sama, iska kuma ta kwashe shi ta kai shi baya. Direba ya ce, "Oga, ai fakin ne, a sa sabo kawai in tafi." An ce masa, "Malam, wata nawa da sa wanda ke ciki?" Ya ce da damina aka sa shi. Fakin dai shi ne robar da ke hana mai fita tsakanin murfin bawul da kan silinda. To in fakin da bai kai shekara ba ya saki, akwai dalili, kuma in ba a nemo dalilin ba sabon ma haka zai bi.

Yau wanki kawai aka yi. Kananzir da buroshi, sannan tsumma. Ba a kai ta wurin masu wankin inji da famfo mai ƙarfi ba, saboda ruwan yana shiga ramin fulogi da soket ɗin kwayil, abin da ke ba fulogi wuta. An sallame shi ya yi aikinsa na yini ɗaya ya dawo. Hunturu yana da wannan amfanin: ƙura tana manne wa duk inda mai ya tsattsafo, ta zana hanyarsa ƙarara.

Talata, 7 ga Janairu

Sawun ya fito. Layin jiƙa yana bin bakin murfin ta baya, ɓangaren da ke fuskantar cikin mota. A wannan injin salansa ta baya take fitowa, don haka man yana ɗiga kan garkuwar zafinta ya ƙone, shi ne ƙaurin. Akwai kuma jiƙa ta biyu a kusurwar baya ta ɓangaren fasinja, ƙasa kaɗan da bakin murfin. Nan ne ɗan abin da ke matse sarƙar taimin yake, noti biyu ke riƙe shi, kuma yana da zoben roba da ke bushewa. Yoyonsa yana kama da na fakin murfi sosai. Motoci da yawa an canza musu fakin sau biyu, sau uku, alhali wannan ɗan zoben ne mai laifin. A nan duka biyun suna zuba.

An zare kwayil huɗun. Ramin na 1 da na 4 a bushe, na 2 ya yi danshi, na 3 kuwa mai ya kwanta har ya rufe kan fulogin. Kafin a kwance fulogi sai da aka zuƙe man da sirinji da siririn tiyon ƙarin ruwa, domin in aka fara kwance shi, man da yashin da ke ciki duk silinda za su faɗa. Abin dubawa bayan an fitar da shi: mai a saman farin tangaran da wurin kama soket daga fakin yake, baƙin maiƙo a can bakin da ke ba da wuta kuwa daga ciki yake tasowa, maganar zoben fistin ko robar bawul ke nan, wadda fakin ba ya magani. Bakin fulogai huɗun a bushe suke, launin ƙasa-ƙasa. Alhamdu lillahi.

Sai ɗan bawul ɗin numfashin inji, wanda littafi ke kira PCV, da ke ɗaure a jikin murfin. Lafiyayye in aka girgiza shi yana ƙara kamar ƙwarya da tsakuwa. Wannan shiru ya yi, ya cushe da daskararren mai. Iskar da ke suɓucewa ta gefen fistin tana taruwa a cikin inji, in ba ta samu hanyarta ba sai ta nemi wuri mafi rauni ta tura mai waje. Dalili na farko ke nan.

Laraba, 8 ga Janairu

Kafin maganar saye, sai an san injin da ke cikin motar, ba wanda takarda ta ce ba. Motar haya a ƙasar nan ba a rantsuwa cewa injinta na asali ne. Baƙar robar da ke sama ba shaida ba ce, rubutun VVT-i, sunan tsarin da ke sauya lokacin buɗewar bawul, iri ɗaya ne a kan injuna daban-daban. An goge jikin bulok ta wajen da ya haɗu da giyabos, lambar ta fito: 1ZZ. Wato mai cc 1,794, bawul 16, kam (sandar da ke buɗe bawul) biyu, sarƙa ba bel ba.

An cire kan batir, an janye wayoyi da tiyon numfashi biyu, an kwance murfin da soket mai lamba 10: dogayen noti 9 da ƙananan noti 2. Biyu daga cikin dogayen, na tsakiya, suna da washa mai roba. Murfin ya ƙi tashi. Ba a cusa sukundireba tsakaninsa da kan silinda ba, domin duka biyun alminiyam ne, tabo ɗaya ya isa ya zama hanyar mai har abada. Guduma ta roba aka buga masa a gefe har ya saki.

Abin da aka tarar ya bayyana sauran dalilan. An zagaye fakin gaba ɗaya da jan gam, sama da ƙasa, har ya tsiyaye ciki ya bushe, yana lilo kamar taliya a gefen kam. Fakin kansa ya baje, ya ƙandare. Da aka lanƙwasa shi sai ya karye kamar busasshen kara. Zoben ramin na 3 ya tsage. Noti ɗaya na kusurwar baya kuma juyawa kawai yake yi, zaren raminsa ya cinye saboda ɗaurin ƙarfi.

An tsince gam ɗin ɗaya bayan ɗaya, ba a bar ko sili ya faɗa ramukan da mai ke komawa ƙasa ba. In ya faɗa, rariyar famfon mai yake zuwa ya toshe, ko ya maƙale a 'yar rariyar VVT-i. An wanke murfin, an kifa shi a kan gilashi mai kauri, an zagaya da siririn ƙarfen awo mai milimita 0.1, bai shiga ko'ina ba. Murfin bai karkace ba, babu tsaga kusa da ramukan noti. An rufe kan injin da tsumma mai tsabta da leda, an ɗaure. Da wannan hazon, kam a buɗe na awa ɗaya ya isa ya sha yashi.

Alhamis, 9 ga Janairu

Ranar zaɓe. Da farko, suna: in aka aika yaro ya ce "gasket ɗin tof", na kan silinda za a ba shi, wanda ke tsakanin bulok da tof. Sai a ce na murfin bawul, a faɗi injin, kuma a tafi da murfin a hannu.

Na 1ZZ roba ce guda ɗaya, gewayen waje da zobba huɗu na ramin fulogi duk a haɗe, tana zama cikin kwarmin da aka yanka a jikin murfin. Wannan ya bambanta shi da tsofaffin Corolla masu 4A-FE da 7A-FE, inda robobin ramin fulogi daban ake sayensu a buga su cikin murfi. Lambar Toyota ita ce 11213-22050, a motocin Amurka kuma ana samun 11213-0D040. Ƙannensa 3ZZ mai lita 1.6 da 4ZZ mai 1.4 gida ɗaya ne, fakin ɗaya ake sayar musu. Amma 1NZ mai lita 1.5, da 2ZR na Corolla da ta biyo baya, da 2ZZ, kowanne da nasa. A cikin leda duk baƙar roba ce, ido kaɗai ba ya rabewa.

An karɓo guda uku daga shagunan gari bisa sharaɗin mayarwa.

Na farko an rubuta masa "Corolla" da maka a jikin leda, shi ke nan. Da aka shimfiɗa shi a kan murfin, ya gaza tsawo, zobban ba su hau kan ramukan ba. Na ƙaramin inji ne. Ana iya jan sa da ƙarfi ya shiga, kuma akwai masu yin haka, amma robar da aka ja ta sirance, kuma tana neman komawa yadda take. An mayar.

Na biyu na gwanjo ne, an ɓamɓaro shi daga injin Beljiyam. Mai shago ya yi gaskiya, orijina ne. Sai dai fakin roba aikinsa ɗaya ne: a matse shi, shi kuma ya riƙa turowa. Wanda ya shekara goma a matse cikin zafi ya riga ya ɗauki siffar inda ya zauna, ba sauran turi a jikinsa. Murfi, kwayil, noti, duk ana iya sayen na Beljiyam a more. Roba a'a.

Na uku shi ya ci lokaci, domin siffarsa daidai ce, kwalinsa ma da sunan babban kamfani da lambar da ta dace. Kwali ba ya hana yoyo, kuma buga suna a kwali ba shi da wuya. Abin da aka duba shi ne jikin robar. An danna farce a kan tudun da ke taɓa kan silinda: sawun ya daɗe bai cike ba. An murza shi a yatsa, ya bar baƙi, yana warin ƙonanniyar taya. A gefensa akwai ɓalli-ɓallin roba da injin zubi ya bari, har a kan layin da ke yin hatimin. An auna tsayinsa da ma'aunin baniya a wurare shida, lambobin suka ƙi zama ɗaya. An naɗe shi gida huɗu a cikin ƙaramin kwali, karin naɗin bai miƙe ba ko da aka shanya shi a rana. Gwajin ƙarshe: aka zaunar da shi cikin kwarmin a bushe, aka kifa murfin, kusurwa biyu suka zubo. Ga dukkan alama ɗan'uwan wanda aka cire jiya ne.

Bambancin yana cikin irin robar. Mai arha yawanci nitiril ce, wadda ake rubutawa NBR. Tana jure mai, amma zafin da take ɗauka bai wuce digiri 100 zuwa 120 ba. Irin ACM tana kaiwa wajen 150. Man inji a tafiya ta yau da kullum yana kewayen 90 zuwa 110, bayan wannan injin kuma yana kan salansa, ga lodin fasinja da buhuna, ga zafin Afrilu a Jigawa da ke haura digiri 40 a inuwa. Nitiril a nan kullum a bakin iyakarta take aiki. Takan ƙandare da bazara, sai sanyin hunturu ya zo ta tsuke, ta kasa bin ƙarfen, yoyo ya fito da safe.

Wani gwaji da ake yi a kasuwa, na tsoma roba cikin fetur a ga ko za ta kumbura, ba ya nuna komai a nan. Nitiril mai arhar ta fi wasu robobi masu tsada jure fetur, ga shi fakin murfi ba fetur yake tarewa ba. Haka maganar yanko fakin daga takardar fakin: wannan na shimfiɗaɗɗen bakin murfin ƙarfe ne, irin na tsofaffin motoci, ba na murfi mai kwarmi ba.

An mayar da duka ukun. An yi wa mai motar bayani cewa na kirki zai ninka wannan a kuɗi, amma kwayil ɗaya da mai ya kashe ya fi bambancin tsada.

Juma'a, 10 ga Janairu

Bayan saukowa daga masallaci an haɗa saƙon da za a tafi da shi Kano gobe, kasuwar Kofar Ruwa, tare da murfin kansa a cikin buhu. Fakin na Toyota, ko na kamfanonin da sana'arsu ke nan irin su Elring, Victor Reinz ko Ajusa, kuma a gwada shi a kwarmin a gaban mai shago. Washa mai roba 2. Zoben abin matse sarƙa, 90301-22013. PCV. Baƙin gam na inji, ƙaramin tub. Kayan gyaran zare M6. Matatar mai da galan ɗaya mai lita 4.

Asabar, 11 ga Janairu

Kaya sun iso da la'asar. Fakin ya zo a shimfiɗe kan kwali mai faɗi, ba a naɗe ba. Farce bai bar sawu ba, bai bar baƙi a hannu ba, tsayinsa ɗaya a duk inda aka auna. Ya shiga kwarmin ba ja ba tattarewa, ya ɗan taso sama da bakin ƙarfen daidai-wa-daida, an kifa murfin an girgiza bai motsa ba.

Gam ɗin ma an shinshina shi. Silikon na masu gilashi da tayil yana warin tsami mai shiga hanci, ba na inji ba ne, ba ya jure mai mai zafi. Littafin Toyota baƙin gam mai lamba 08826-00080 ya ambata, ko makamancinsa irin ThreeBond 1207B.

An gyara ramin da ya cinye kafin magariba. Notin M6 ne. An toshe kewayen da tsumma, an huda da bakin diril mai milimita 6.3, an yanka sabon zare da giris a jikin abin yankan don ya riƙe ɓarɓashin alminiyam, sannan aka murɗa zaren waya a ciki. Wasu sukan cusa noti mai lamba 12 da ƙarfi. Yana kamawa ranar farko, amma sai an faɗaɗa ramin murfin, kuma babban noti yana kiran babban ɗauri.

Litinin, 13 ga Janairu

An fara da zoben sarƙa tun murfin yana buɗe, domin ana ganin abin da ke faruwa ta sama. An juya inji da hannu har fistin na 1 ya zo sama, alamar fuli ta tsaya a 0. An kwance noti biyun, an zaro abin, an cire tsohon zobe, wanda ya baje kamar an yi masa guga. An tura sandarsa ciki an maƙale ta da ɗan ƙugiyarta, an shafa wa sabon zoben mai, an mayar, an ɗaure a Nm 9 (Nm shi ne ma'aunin ƙarfin ɗauri). Sai aka ɗan juya inji baya kaɗan ƙugiyar ta saki, aka dawo da shi gaba, sarƙar ta miƙe. Wanda ya manta wannan ya tayar da inji da sarƙa sako-sako, haƙori na iya tsallakewa.

Bakin kan silinda an kankare shi da guntun roba mai tauri, ba reza ba, an goge da tsumma mai ɗan tina har ya daina barin maiƙo. Gam ba ya kama maiƙo. Wuri biyu kacal yake buƙatarsa: inda murfin sarƙa ya haɗu da kan silinda, gaba da baya, domin nan ƙarfe biyu suka gamu, akwai ɗan tsani da roba ba ta cikewa. Ɗigo kamar ƙwayar wake a kowanne. Sauran gewayen a bushe. Gam a kan roba yana sa ta santsi ta zame daga kwarmi lokacin ɗauri, kuma yana hana ta numfasawa tare da ƙarfe idan ya yi zafi ya huce.

Littafi ya ba da minti 3 tsakanin sa gam da ɗora murfi, don haka sai da aka jera komai a kusa, aka ɗaure wayoyi gefe, sannan aka matsa tub. Murfin ya sauka a miƙe, ba a ja shi a kan ƙarfen ba. An leƙa da tocila da guntun madubi ta baya, babu inda robar ta leƙo. Kowane noti an fara shi da yatsa. Ɗauri daga tsakiya zuwa waje, ana tsallakawa gefe da gefe, zagaye uku. Na tsakiya masu washa Nm 9, sauran Nm 11.

Wannan adadin ƙarami ne ƙwarai. Notin tayar motar nan Nm 103 ne. Ga wanda ba shi da sifana mai ma'auni, Nm 11 a hannun sifana mai santimita 20 kamar nauyin kilo 5 da rabi ne, abin da yatsu uku za su ja. Ƙarin ɗauri ba ya ƙara hatimi; zaren alminiyam kawai yake ci.

An sa sabon PCV, an busa tiyonsa an tabbatar a buɗe yake. An bar motar awa 2 kafin mai ya taɓa gam ɗin, kamar yadda littafi ya ce. Daga nan aka juye tsohon mai, aka sa sabuwar matata. Direba ya so a zuba mai kauri, wai ya fi toshe yoyo. Littafin motar 5W-30 ya rubuta, kuma VVT-i da matsin mai yake aiki ta siraran hanyoyi. Mai kauri da sanyin safiya jinkiri yake sa shi. An zuba kaɗan-kaɗan ana duba sanda har ya kai alamar sama.

Talata, 14 ga Janairu

An tayar da safe, rawar tana nan. Na'urar karanta kwamfuta ta nuna P0303, silinda ta 3. An musanya kwayil na 3 da na 1, an goge lambar, an sake tayarwa: P0301. Laifin ya bi kwayil. Doguwar robarsa ta sha mai ta kumbura ta yi laushi, akwai ɗan farin layi a gefe inda wuta ke tsallakewa zuwa bangon ramin. An sa wani, injin ya daidaita. An bar shi ya yi zafi har fanka ta kama sau biyu. Hayaƙin farko na tsohon man da ke kan garkuwar salansa ne, ya ƙone ya ƙare cikin 'yan mintoci. An bi bakin murfin da farar takarda, ta fito fes.

Litinin, 20 ga Janairu

Jiya Lahadi ta yi kasuwar Gujungu, sawu da yawa da lodi. Ƙurar da ke kan injin busasshiya ce, ja, ana hure ta tana tashi. Kusurwar sarƙa a bushe. An zare kwayil na 2 da na 3, ramukan a bushe. An bi notin da sifana mai ma'auni a Nm ɗinsu, babu wanda ya motsa, har da na zaren waya.

Litinin, 27 ga Janairu

Waje babu yoyo, ƙauri ya tafi. Amma sanda ta nuna mai ya ɗan sauka daga alamar sama. Injin 1ZZ na shekarun farko an san shi da shan mai ta zoben fistin idan ramukan da ke mayar da mai suka toshe, don haka sai an auna. An cike shi zuwa alama a kan shimfiɗaɗɗiyar ƙasa, da safe kafin a tayar, an rubuta lambar tafiya. Agogon motar mil yake ƙirgawa, ba kilomita ba. Mil 620 shi ne kusan kilomita 1,000. An ce wa direba kada ya yi ciko a hanya sai in ya kusa alamar ƙasa, in kuma ya yi ya riƙe adadin. Idan ya cika mil ɗin zai dawo, a cike da kwalba mai awo a ga nawa ya sha. In ya yi yawa, awon matsin silinda huɗun ne aiki na gaba, kuma a sake duba bakin fulogai a ranar.